Jak ɗin da Ke Zama a Tukunya

A layinmu in ka ce Mai Ƙwai, ko jaririn da aka haifa jiya zai turo baki ya nuna maka ƙofarta. Gajeruwa ce dunƙulalliya, in za ta zauna a kujerar direba sai ta ɗora filo biyu kafin ta hango hanya. Daga nesa ba ka ganin kowa a motar sai ƙullin ɗankwali yana leƙe ta saman sitiyari. Akwai wani mai gadi da ya rantse ya ga mota tana tafiya ba direba, sati guda ya yi yana zazzaɓi.

Motar kuwa tsohuwar jif ce mai dogayen ƙafafu, irin mai ja da taya huɗu, ta girmi rabin mutanen layin. An cire kujerun baya an kafa katakai hawa-hawa inda ake jera kiret ɗin ƙwai. Mijinta, wanda kowa ke ce wa Direba har uwar da ta haife shi, shekara ashirin da bakwai ya yi yana shiga da ita gonakin kaji na bayan tsauni, ya ɗebo ƙwai ya raba wa masu shaguna. Hanyar gonakin nan, ko akuya sai ta yi shawara da dangi kafin ta bi ta. Duk shekarun nan Mai Ƙwai na zaune a gefensa, hannu ɗaya a kan kiret, ido a kan ƙafarsa da giya. Shi yana zaton rakiya take yi, ashe makaranta take.

Sai yanar ido ta rufe wa Direba gani. Ya yi ta musu, har ranar da ya tsaya ya gaida turken wutar lantarki ya tambaye shi iyali. A ranar ta zura hannu a aljihunsa ta zare makulli, washegari ta ɗora filonta biyu ta fita. Wata huɗu na rani tana zuwa tana dawowa lafiya lau.

To, ga inda gizo ke saƙar. Motar ba ta Direba ba ce shi kaɗai, gadon ubansu ce shi da ƙaninsa, Injiniya. Kada ku ji sunan ku zaci wani abu. Fanka ya taɓa kwancewa a gidan ya mayar, aka sami ragowar noti huɗu a ƙasa, fankar kuma ta koma juyawa baya. Tun daga ranar sunan ya manne masa. Fitila da batir yake sayarwa a bakin kasuwa, ya kuma daɗe yana haɗiyar yawu a kan motar nan.

Da hadari ya fara haɗuwa, sai ya tara su a ɗakin uwarsu, Tsohuwa.

"Tsohuwa, ni ba don kaina nake magana ba," in ji shi, alhali kowa ya san maganar da ta fara da haka ta mai ita ce. "Damina ta zo. A ce taya ta fashe a bayan tsauni, matar Yaya ce za ta ɗaga mota? Da me, da ludayi?"

"Da bakinka zan ɗaga," in ji Mai Ƙwai. "Ai ya fi kowane jak tsawo."

Direba ya yi dariya har ya sarƙe. Tsohuwa ta buga sandarta a ƙasa.

"Ku yi mini shiru. Da motar nan ake ci a gidan nan. Ke, ki riƙe makulli har ƙarshen damina. Amma ranar da motar ta kwana a hanya, ko aka jawo ta da igiya, ko sau ɗaya ne, ki miƙa wa Auta makulli ba musu."

Auta take ce wa Injiniya, da gemunsa da furfurarsa.

Maganar ludayin ta sosa wa Mai Ƙwai inda ke mata ƙaiƙayi, don ta san abin da Injiniya bai sani ba. Jak ɗin motar ya mutu tun bara. Irin mai murɗawa ne, haƙoransa duk sun cinye, in ka ɗora masa nauyi sai ya yi ƙara kamar an taka kare, ya sulale ƙasa. Sa'a kawai take ci ba ta yi faci ba.

Washegari ta faka a ƙofar Mai Kayan Mota. Shagon nan ƙunci gare shi, in ka shiga sai ka fito da baya, ga warin giris, ga jak iri-iri jere a ƙasa kamar 'yan makaranta.

"Uwar ɗakina, barka da zuwa. Aiko ki aka yi?"

"Eh, motar ce ta aiko ni. Jak nake so."

Ya sunkuya ya cicciɓo wani ƙato mai kama da kwalba, irin mai aiki da mai, ya dire a gabanta yana haki.

"Tan ashirin. Wannan ko tirela ta gan shi sai ta durƙusa ta gaishe shi."

Ba ta ko taɓa shi ba. Ta fita wajen motar, ta zaro tsinke daga ɗankwali, ta tsuguna ta danna bakin tayar baya. Iska ta fara tsii, taya ta dinga sacewa har ta kwanta shame-shame. Mai Kayan Mota ya ɗora hannu biyu a ka.

"Baiwar Allah! Lafiyayyiyar taya!"

"Kai a kan lafiyayyiyar taya kake sa jak? Ai sai ta kwanta ake nemansa. Ungo."

Ta jawo wani katako mai kauri daga ƙarƙashin kujera, wanda ta sa kafinta ya yanko mata daga tsohon benci, ta shimfiɗa a ƙarƙashin ƙarfen nan da ya haɗa tayoyin baya, wanda makanikai ke ce wa aksil.

"Ɗora shi a kan wannan ka tura mu gani. Daji ba siminti."

Ya tura, ya tura, ya juya shi ta nan ya juya ta can. Mai tan ashirin ya ƙi shiga, ya fi wurin tsawo da yatsa huɗu.

"To ina amfanin ƙarfin?" in ji ta. "Ƙato a bakin ƙofa, ɓarawo a cikin ɗaki."

Ya kawo ƙarami. Wannan ya shige sumul. Ta sa hannu ta buga shi da kanta har ya ƙure, taya ta ɗan bar ƙasa. Mai Kayan Mota ya fara washe baki. Ita kuwa ta kwanto safaya ta garo ta, ta jingina a jikin wadda ta sace. Safaya cike da iska ta fi wurin tsawo nesa ba kusa ba.

"Ka gani? Ka cire mara lafiya ka kasa sa mai lafiya. An yi ba a yi ba."

Gumi ya fara keto masa. Ya shiga can ciki ya fito da wani dogo ja, tsawonsa ya kai kafaɗarta, mai ramuka jere a jiki da doguwar mariƙa.

"To ga na 'yan gayu masu shiga daji. A bamba ake maƙala shi."

"A bamba? Ka ɗaga mini jikin mota sama da ƙwai kiret sittin a ciki? Wannan na masu fitar da mota daga taɓo ne, waɗanda kayansu ba ya fashewa. Mayar."

Jak goma sha ɗaya aka gwada a ranar. Wasu sun ce ashirin da bakwai, amma ni ba na son ƙari a magana. Jama'a suka taru, masu wucewa suka zaci haɗari aka yi, wata mata har ta fara salati. Na ƙarshe wani gajere ne baƙi mai tan shida da aka zaro daga bayan kwali, ƙura ta rufe shi. Wuyansa hawa biyu ne, wani na fitowa daga cikin wani kamar eriyar rediyo. Ya shige a kan katakon har da sauran wuri, ya kuma ɗaga har safaya ta sami hanya da rarar yatsa biyu.

"Wannan ne," in ji ta.

Mai faci na maƙwabta ya bugo mata iska. Mai Kayan Mota ya raka ta har bakin mota yana cewa, "Uwar ɗakina, in za ki dawo ki aiko mini tun jiya, in sha magani."

Da ta kai gida Direba ya karɓa ya shafa shi tun daga kai har gindi.

"Kin zaɓa. Amma ki ji, jak mai mai ba ya son kwanciya. In ya kwanta man zai tsiyaye, iska ta shiga, ranar da kike nemansa ki yi ta bugu kamar mai famfon rijiyar da ta ƙafe."

Ai kuwa a hanyar bayan tsauni ba abin da ke iya tsayuwa, mutum ma da ƙyar. Ta sa shi a kwali, tafiya ɗaya kwalin ya yage. Ta sa shi a bokitin roba, bokitin ya tsage. Rana ta uku ta shiga kicin ta tsaya tana kallon kantar da take jera tukwane, ta sauko da doguwar tukunyar ƙarfe mai murfi. Ta shimfiɗa tsumma a ciki, ta danna wuyan jak ɗin ya koma ƙasa gaba ɗaya don kada ƙura ta kama shi, ta tsayar da shi a tsakiya, ta cusa tsummoki a kewaye har ya daina motsi. Ta soka 'yar kwalbar mai a gefe, ta rufe, ta ɗaure tukunyar a ƙafar kujera da robar tayar keke. Mariƙar da katakon kuma ƙarƙashin kujera.

Duk ranar Asabar sai ta buɗe tukunyar a ƙofar gida, ta ɗaga motar ta sauke, ta goge shi ta mayar. Matan layi suka samu abin yi.

"Mai Ƙwai, ya dahu?"

"A sammana romon mana, maƙwabciya!"

"Ku kawo kwano," take ce musu, "amma da haƙoran ƙarfe za ku zo."

Injiniya da ya ji labari, sai ya tafi shagon nan ya sayo dogon jan da ta ƙi. Bai kai shi ɗaki ba. A jikin ƙofar shagonsa ya rataye shi ta waje, don duk mai wucewa ya san makulli na hanya. Ruwa ya dake shi, rana ta gasa shi, ruwa ya sake dukansa, wata biyu cur. Kullum da safe yana goge jan fentin da hannun riga, amma ko ɗigon mai bai taɓa sa wa 'yan ƙarafan da ke hawa ramukan ba.

Damina ta yi nisa, mota ba ta kwana a hanya ba. Hankalin Injiniya ya fara tashi. Ranar da aka wayi gari bayan ruwan kwana uku, sai ga shi a ƙofar gida da dogon ja a kafaɗa.

"Matar Yaya, yau zan raka ki. Hanya ba kyau, kada a ce ban taimaka ba."

"Shigo, ɗan albarka. Shaida kake nema, za ka samu."

Suka je lafiya, aka loda kiret sittin. A dawowa, rana ta take tsaka, suna gangarowa wani kwari inda ƙasa ta jiƙe ta yi laushi, sai wani kututture da ruwa ya tono ya yaga tayar baya ta hagu. Fuu! Mota ta karkace ta tsaya. Da ka ga fuskar Injiniya a lokacin sai ka ce haƙoransa talatin da biyu duk sun fito shan iska.

"Zauna, matar Yaya, wannan aikin maza ne."

"Bismilla," in ji ta. Ta sauka, ta ɗauko duwatsu ta tokare tayoyin gaba, ta ɗora filo a kan wani dutse ta zauna.

Ya kwanto dogon ja, ya dasa shi a kan laka haka nan, ya maƙala a bamba ya fara bugawa. Ƙaƙas, ƙaƙas. Jikin mota ya fara tashi. Ya ƙara, ya tashi. Ya ƙara, ya tashi. Taya kuwa tana ƙasa abinta ko gezau, don irin motar nan sifirin ɗinta dogo ne, in ka ɗaga jiki sai ya yi ta miƙewa ya bar taya a inda take. Gindin mota ya yi sama kamar kaza na tonon ƙasa. A ciki kiret suka fara kuka.

Masu babur uku da ke wucewa suka tsaya kallo.

"Malam, ka kwance notunan kuwa?" in ji ɗaya.

Bai kwance ba. Kafin ya ba da amsa, gindin jak ɗin ya fara nutsewa a laka, ya karkata gefe, motar ta bi shi. Ya yi wuf zai sauke, ɗan ƙarfen saukewar ya ce bai san zance ba, tsatsa ta riƙe shi gam. Ya sa dutse ya doka. Mariƙar ta yi tsalle sama ta wuce ta gefen kunnensa da iska, ta kwashe hularsa ta cilla cikin gonar mutane. Da ya matsa taku ɗaya da yanzu wani labarin ake yi. A cikin mota kiret ɗaya ya zamo daga hawa na sama ya fito ta ƙofar baya, ya tarwatse a kan wandonsa.

A nan Mai Ƙwai ta miƙe. Ta san sharaɗin Tsohuwa bai ce laifin wa ba. In motar nan ta kife a kwarin nan, kwana za ta yi, makulli kuma ya tafi, ko da Injiniya ne ya kifar da ita da hannunsa.

"Auta, matsa."

Shekara ashirin da bakwai ba ta taɓa kiransa da sunan nan ba. Ya matsa.

"Ku uku, ku zo ku dafa nan gefen. Ku dafa kawai, kada wanda ya sa ƙafa a ƙarƙashi."

Ta kwance roba ta fito da tukunya. Wani mai babur ya ce, "Inna, girki za a ɗora?"

"Eh, kai ne naman. Dafa da kyau."

Ta zaro 'yar kwalbar mai ta ɗiga a kan ƙarafan da suka yi tsatsa, ta jira, ta ƙwanƙwasa da sifana a hankali kamar mai tashin jariri. Ta kama mariƙar da hannu biyu, ta kau da kanta gefe, ta fara saukewa rami ɗaya bayan ɗaya. Ƙas. Ƙas. Motar ta dawo ta zauna daidai. Ta zare dogon ja ta miƙa wa mai shi.

"Riƙe kayanka."

Sannan ta fara nata aikin. Taya na ƙasa ta sa sifana a noti, ta hau kanta da ƙafa biyu ta yi tsalle, noti ya ce ƙyat. Haka ta bi su shida ta sassauta. Ta kwashe lakar saman da gefen katakon har ta tarar da ƙasa mai ɗan tauri, ta shimfiɗa shi, ta ɗora gajeren baƙin a ƙarƙashin aksil, ya shige kamar don wurin aka ƙera shi. Ta buga. Jikin mota ko motsin kirki bai yi ba, taya ta tashi tsaf. Ta cire, ta sa masu babur suka ɗaga mata safaya ta zura, ta ɗaure notuna wannan gefe da wancan, ta sauke, ta sake hawa sifana ta ƙara musu ƙarfi. Kafin ta wanke hannu sai da ta goge jak ɗin, ta danna wuyansa, ta mayar da shi tukunya ta ɗaure.

Masu babur suka yi ta tafi. Ɗaya ya cire hularsa ya ɗaga sama, da ya tuna Injiniya ba shi da ita sai ya mayar da sauri.

"Shiga mu tafi," in ji ta. "Ka juya ka dafa kiret, shi ne aikin mai zama a nan."

Har gida yana dafe da kiret.

Masu babur sun riga su isa, kuma kun san labari ba ya tafiya a babur bai yi ƙiba ba. Kafin motar ta shigo layi an ce da hannu ɗaya ta ɗaga ta, wasu suka ce da ka ta tallafe ta tana ɗaure noti. Mata suka fito ƙofa suna guɗa, mai shagon kusurwa ya bar ciniki yana buga gwangwani. Tsohuwa na zaune a kan kujera a ƙofar gida, Direba a gefenta.

Injiniya ya sauko, ƙwai ya bushe a wandonsa ya yi ƙyalli.

"Tsohuwa, ai mu biyu muka haɗu muka..."

"Auta, ina hularka?"

Ya shafa kai.

Direba ya miƙo hannu, Mai Ƙwai ta sa nata a ciki, duk baƙin mai da laka.

"Kin sa dutse?"

"Na sa."

"Kin sassauta noti kafin ki ɗaga?"

"Na sassauta."

"Kin ƙara ɗaurewa bayan kin sauke?"

"Har sau biyu."

"To ni me ya rage mini," in ji shi, yana dariya yana goge ido da hannun riga.

Tsohuwa ta buga sanda. "Ba sai an jira ƙarshen damina ba. Makulli ya zauna inda yake. Auta, ka kai wa matarka wandon nan kafin ƙuda su raka ka gida." Ta juya wajen Mai Ƙwai. "Yaushe za ki koma?"

"Jibi, in Allah ya kai mu."

"Da ni za a. Mijina ya tuƙa motar nan, ɗana ya tuƙa, ban taɓa yarda na sa ƙafa a cikinta ba. Yanzu na ga direban da zan bi."

Jibi da hantsi duk layi ya fito. Mutum uku suka ɗaga Tsohuwa suka ɗora a kujerar gaba, ta zuge gilashi ta fito da sandarta ta taga. Tun daga ƙofar gida har kan kwana tana nuna mutane da ita tana cewa, "Ku ba surukata hanya! Kai mai kura, ba ka da ido ne? Ku ba ta hanya!"